Yadda Ma'aurata Za Su Tsara Tazarar Haihuwa, Su Kuma Kare Juna Daga Cututtukan Saduwa

Buƙatu biyu ne suke kai ma'aurata neman shawara a wannan fanni, kuma ya kamata a rarrabe su tun da farko, domin abin da ya biya ɗaya ba lallai ne ya biya ɗayar ba. Ta farko ita ce a hutar da mace tsakanin haihuwa da haihuwa, ta samu ta murmure, yaron da ke hannunta kuma ya sha nono ya ƙoshi. Ta biyu ita ce a tsare gida daga cututtukan da ake ɗauka ta hanyar saduwa, irin su ciwon sanyi da tunjere da ciwon hanta da ƙanjamau. Mata da yawa suna zaton da zarar an yi musu allura ko an saka musu ashanar hannu, wato 'yar robar hana ciki da ake sakawa ƙarƙashin fatar damtse, to sun tsira daga duka biyun, alhali allura da ƙwayoyi da ashana da robar mahaifa ciki kawai suke hanawa, ba su da wani tasiri a kan ƙwayar cuta. Kwaroron roba ne kaɗai yake yin ayyukan biyu a lokaci guda. Maganar kuma ta shafi maigida kamar yadda ta shafi matarsa, saboda tsarin da mace ta ɗauka ita kaɗai a ɓoye yakan yi wuyar ɗorewa, cuta kuwa ba ta barin gida sai an yi wa kowa magani.

Tsawon hutun da ake nema

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a bari aƙalla wata 24 su wuce bayan haihuwa kafin a nemi wani cikin, wato a samu kusan shekara 3 tsakanin yaro da ƙaninsa, idan kuwa ɓari aka yi a dakata wata 6. Dalili shi ne jikin mace yana bukatar lokaci kafin ya mayar da jinin da ya rasa, kuma ciki kusa da kusa yana ƙara haɗarin ƙarancin jini ga uwa da haihuwar bakwaini ko jaririn da nauyinsa bai kai ba. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Kakanninmu sun san kwanika, suna kuma gudunta, yana cikin abin da ya sa ake ɗauke mai jego a kai ta gidan iyayenta wanka, wani lokaci ta daɗe can kafin ta koma ɗakinta. Aya ta 233 cikin Suratul Baƙara ta ambaci shekara biyu cikakku ga wanda yake son cika shayarwa, kuma ya tabbata a hadisin Jabir da Buhari da Muslim suka ruwaito cewa sahabbai suna yin azalu, wato zubar da maniyyi a waje, a zamanin da Alƙur'ani yake sauka. A zamanta na Kuwait a shekarar 1988, Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yanke cewa ya halatta ma'aurata su jinkirta ciki na wani lokaci idan akwai buƙatar da shari'a ta yarda da ita, da sharaɗin su yi shawara su amince, kuma kada a cutar da kowa. Ta hana tsayar da haihuwa har abada sai da lalura.

Kuskuren da ya fi jefa mata cikin kwanika shi ne jiran dawowar al'ada. Ƙwan mace yana fita ne kimanin mako 2 kafin jinin al'ada ya zo, don haka mai jego tana iya ɗaukar ciki ba tare da ta taɓa ganin jini ba tun bayan haihuwa. Wadda ba ta shayarwa tana iya yin ciki kusan mako 4 bayan ta haihu, wadda ta yi ɓari kuwa cikin mako 2. Abin da ya fi shi ne a yanke shawara tun ana zuwa awon ciki, idan hakan bai samu ba to kada a yi arba'in ba a tsayar da hanya ba.

Zuwa asibiti da abin da za a faɗa

Tun shekarar 2011 gwamnatin tarayyar Najeriya ta mayar da kayan tazarar haihuwa kyauta a asibitocinta, ko da yake a wurare da dama akan nemi kuɗin kati ko na safar hannu da auduga. Ƙaramin asibitin unguwa ma yakan wadatar, ba sai an je babba ba. Ma'aikaciyar lafiya za ta auna hawan jini, ta yi tambayoyi don ta tabbatar babu ciki, sannan ta jero hanyoyin da ke akwai. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, saboda haka a gaya mata gaskiya: shekarun mace, ranar da ta haihu ko ta yi ɓari, ko tana shayarwa, ko tana da hawan jini ko ciwon suga ko ciwon hanta, ko tana fama da ciwon kai na ɓari ɗaya wanda ke zuwa da dishi-dishin gani, ko an taɓa samun gudan jini ya toshe mata jijiya, ko akwai ƙullutu a nono. A ambaci magungunan da ake sha, musamman na tarin fuka mai suna rifampicin da na farfaɗiya irin su carbamazepine da phenytoin, domin suna rage ƙarfin ƙwayoyi da ashanar hannu. Sannan a amsa wa kai tambaya guda kafin a zaɓa: yaushe ake son ciki na gaba? Wadda take son hutun shekara 1 da wadda ta haifi takwas likita ya ce mahaifarta ta gaji ba hanya ɗaya ce ta dace da su ba.

Allura

Allura ce hanyar da matanmu suka fi sani. Akwai Depo-Provera da ake yi duk wata 3, da Noristerat da ake yi duk wata 2, da Sayana Press wadda take zuwa cikin ɗan ƙaramin mazubi haɗe da gajeriyar allurarta, ake yin ta ƙarƙashin fatar ciki ko cinya, kuma bayan an koya wa mace tana iya yi wa kanta a gida. Cikin mata 100 masu amfani da allura, kimanin 4 ne suke yin ciki a shekarar farko, mafi yawansu saboda makara wajen komawa. Wadda ta makara da ta wata 3 har zuwa mako 4, ko da ta wata 2 har zuwa mako 2, za a iya yi mata ba tare da wani gwaji ba. Mai shayarwa akan fara mata bayan mako 6 da haihuwa.

Abin da ya fi sa mata barin allura shi ne rikicewar al'ada, kuma ina ganin a nan ne ya kamata ma'aikatan lafiya su fi tsayawa su yi bayani. A watannin farko jini yakan riƙa ɗiga ba bisa ƙa'ida ba, ko ya daɗe bai ɗauke ba, abin da ke damun mace ƙwarai saboda sallah da azumi da sha'anin miji. Bayan kamar shekara guda kuma mata da yawa al'adar takan ɗauke musu gaba ɗaya, sai maƙwabta su fara cewa jinin yana taruwa ne a ciki zai zama ƙari. Ba haka abin yake ba. Jinin al'ada shimfiɗa ce da mahaifa take yi duk wata don tarbar ciki, idan cikin bai samu ba sai ta zubar. Allura tana hana shimfiɗar yin kauri, don haka babu abin da zai zuba, babu kuma abin da ya taru. Idan ɗigar jinin ta yi yawa a koma asibiti, akwai magungunan da suke rage ta, akwai kuma damar sauya hanya. Wasu matan sukan ƙara ƙiba. Bayan an daina allurar wata 3, ciki yakan yi jinkirin kimanin wata 4 fiye da na wadda ta bar wata hanyar, wata ma ta kusa shekara, amma allura ba ta kashe mahaifa. Wadda take son ciki nan ba da daɗewa ba gara ta zaɓi wani abin.

Ashanar hannu da robar mahaifa

Waɗannan biyun su ne mafi ƙarfi, domin cikin mata 100 ko ɗaya ba ta cika yin ciki a shekara ba, kuma babu abin da za a riƙa tunawa kullum. Ashana wata 'yar roba ce mai laushi, tsawon tsinken ashana, da ake sakawa ƙarƙashin fatar damtse ta ɓangaren ciki, a hannun da mace ba ta cika aiki da shi ba. Ma'aikaciya takan goge wurin, ta yi allurar kashe zafi, ta tura robar da wani ɗan bututu, ta sa mace ta shafa ta ji ta da yatsanta, sannan ta ɗaure da bandeji. Aikin ba ya wuce 'yan mintoci. A bar wurin a bushe na kwana biyu. Implanon tsinke ɗaya ce, tana aiki shekara 3. Jadelle tsinke biyu ce, tana aiki shekara 5. Mai shayarwa tana iya karɓarta tun kafin ta bar asibitin da ta haihu. Ita ma tana rikita al'ada kamar allura, sai dai da zarar an cire ta haihuwa take dawowa ba jinkiri. Mace tana da haƙƙin a cire mata duk ranar da ta nema, ba sai wa'adin ya cika ba, kuma kada a yarda wanda bai koyi aikin ba ya tsaga mata hannu.

Robar mahaifa mai jan ƙarfe ba ta ɗauke da sinadarin da ke taɓa yanayin jiki, shi ya sa ta dace da mai hawan jini da wadda allura ba ta karɓe ta ba, kuma tana kai shekara 10 zuwa 12. Ana saka ta cikin awa 48 bayan haihuwa, idan wannan ya wuce sai bayan mako 4. A watannin farko al'ada takan ƙara yawa da ciwon mara. Tana da siririn zare da ke saukowa bakin mahaifa don a ji daɗin cirewa, idan maigida yana jin sa sai a koma a rage tsawonsa. Ba ta tafiya zuciya ko ƙwaƙwalwa kamar yadda ake yaɗawa. Sharaɗinta babba shi ne kada a saka ta alhali mace tana da ciwon sanyi a bakin mahaifa, sai an warkar da shi tukuna.

Ƙwayoyi

Ƙwayoyi iri biyu ne. Mai sinadari biyu ana shan ta kullum, tana daidaita al'ada tana rage ciwon mara, amma ba a ba mai shayarwar da jaririnta bai kai wata 6 ba, haka mai hawan jini da mai ciwon kan da aka ambata da wadda ta haura shekara 35 tana shan taba. Mai sinadari ɗaya ita ce ta masu shayarwa, sai dai tana son kiyaye lokaci, domin idan aka makara fiye da awa 3 sai an haɗa da kwaroron roba na kwana 2. Kimanin mata 7 cikin 100 suke yin ciki a shekara da ƙwayoyi, kusan duk saboda mantuwa, don haka a ɗaura shan ta a kan abin da ba a fashinsa, kamar bayan sallar isha'i. Wadda ta manta ƙwaya 1 ko 2 ta mai sinadari biyu ta sha ɗaya da zarar ta tuna ta ci gaba. Idan 3 ne ko fiye, ta ci gaba da sha ta kuma yi amfani da kwaroro ko ta ƙaurace wa saduwa kwana 7. Ba daidai ba ne a riƙa shan ta ranar girki kawai, ko sai maigida ya dawo daga tafiya. Haka nan ba ta aiki.

Shayarwa, ƙirga da azalu

Shayarwa tana hana ciki sosai, amma da sharuɗɗa uku da dole su haɗu: jariri bai kai wata 6 ba, al'ada ba ta dawo ba, kuma nono zalla yake sha dare da rana ba ruwa ba koko. Da ɗaya ya faɗi kariyar ta faɗi. Ƙirgar kwanaki ta dace da wadda al'adarta take zagayowa tsakanin kwana 26 zuwa 32 kawai. Ana ƙirgawa daga ranar da jini ya fara, a ƙaurace wa saduwa ko a sa kwaroro daga rana ta 8 zuwa ta 19. Mai jegon da al'adarta ba ta daidaita ba kada ta dogara da ita. Azalu kuwa, kimanin mata 20 cikin 100 suke yin ciki a shekara da shi, ya fi babu, amma wadda likita ya ce ciki haɗari ne gare ta ta nemi abin da ya fi shi ƙarfi.

Idan kwaroro ya fashe ko an sadu ba kariya, akwai ƙwayar gaggawa, wadda aka fi sani da Postinor-2. Ana shan ta da wuri-wuri, mafi kyau cikin awa 72, tana kuma iya amfani har kwana 5. Aikinta jinkirta fitar ƙwai ne, ba ta zubar da cikin da ya riga ya shiga. Wadda ta yi amai cikin awa 2 ta sake sha, wadda kuma al'adarta ta makara fiye da mako guda ta yi gwajin ciki. Ba ta kai sauran hanyoyin ƙarfi ba, don haka bai kamata a mayar da ita abin yau da kullum ba.

Cututtukan saduwa: gane su da neman magani

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da mutum miliyan 1 ne suke kamuwa da cututtukan saduwa masu warkewa a kowace rana, kuma mafi yawansu ba su ganin wata alama. A Najeriya, babban binciken ƙasa na shekarar 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 49 suna ɗauke da ƙwayar ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B kuwa ya kai kusan kashi 8 cikin 100 na manya, ga shi ba a cika maganarsa ba.

A wurinmu kusan duk abin da ya fito ta gaban mace sanyi ake ce masa, kuma hakan yana jawo ɓarna ta fuska biyu. Farin ruwa mai tsabta maras wari wanda ke ƙaruwa a tsakiyar wata lafiya ce, ba ya bukatar magani. Ƙaiƙayi da farin abu mai kauri kamar kindirmo yawanci ba daga saduwa yake ba, yakan zo da ciki ko ciwon suga ko yawan shan maganin kashe ƙwayoyin cuta, don haka kada a zargi kowa a kansa. Amma ainihin ciwon sanyi da tunjere ba a ɗaukar su a banɗaki, ta saduwa suke shiga, kuma jingina su ga masai yana sa a yi wa mace magani a bar mijin. Alamomin da za su sa a tafi asibiti ba jira su ne ruwa mai launin rawaya ko kore ko mai wari, fitar mugunya daga mazakuta, zafin fitsari, gyambo ko ƙuraje a al'aura, ciwon mara da zazzaɓi, zafi ko jini lokacin saduwa, da kumburin maraina. Tunjere yana da yaudara, domin gyambonsa na farko ba ya zafi kuma yakan warke da kansa, mutum ya ɗauka ya rabu da shi, alhali cutar ta shige jini, bayan shekaru ta taɓa zuciya da ƙwaƙwalwa, a jikin mai ciki kuma ta kashe ɗan tayi ko a haife shi da ita. Allurar benzathine penicillin tana warkar da shi. Sanyin da aka bari a jikin mace yakan hau ya toshe hanyoyin ƙwai, ya jawo rashin haihuwa ko ciki a wajen mahaifa, yana kuma iya makantar da jariri idan ya shiga idonsa wajen haihuwa. Rashin haihuwar da ake ɗora wa allurar tazara sau da yawa daga nan yake.

Abin da aka saba shi ne mutum ya tsaya a kemis ya yi ƙasa da murya, a ƙirgo masa kafso ja da rawaya guda huɗu a ƙulle a leda, ya sha kwana biyu, zafin ya lafa, ya bari. Wannan ɗabi'a tana cikin abin da ya sa ƙwayar ciwon sanyi ta daina jin magunguna da yawa da a da suke kashe ta, har yanzu aka fi dogara da allurar ceftriaxone. A je wurin ma'aikacin lafiya, a shanye maganin da ya rubuta duka, a kuma dakatar da saduwa kwana 7 har sai kowa ya gama nasa. Kalmar kowa a nan tana nufin miji da dukan matansa, uwargida da amarya da na tsakiya, har da wadda ba ta jin komai a jikinta. Idan aka bar mutum ɗaya, rabon kwana zai mayar da cutar ɗaki-ɗaki cikin mako guda. Na san wannan magana ce mai nauyi a bakin maigida, amma nauyin faɗarta bai kai na ganin matarsa ta rasa haihuwa ba, kuma zai iya roƙon ma'aikaciyar lafiya ta yi wa matan bayani ba tare da an tsaya neman wanda ya kawo ba, tun da cutar tana iya daɗewa a jiki tun kafin auren.

Gwaji

A yi gwajin ƙanjamau da ciwon hanta kafin kowane aure, na fari ne ko ƙari, budurwa ce ko bazawara, kuma angon ma a gwada shi, a asibitin da aka amince da shi, su biyun su ga sakamakon da idonsu. Jihar Kano ta mayar da gwajin kafin aure doka a shekarar 2024. Gwajin gaggawa na ƙanjamau yana iya kasa ganin ƙwayar da ta shiga jiki kwanan nan, saboda haka wanda yake da shakku ya maimaita bayan wata 3. Mai ciki ta tabbatar an yi mata gwajin ƙanjamau da tunjere da ciwon hanta a awon farko. Wanda aka samu da ƙanjamau ya fara magani nan take, kyauta ne a asibitocin gwamnati, kuma wanda yake shan sa kullum har ƙwayar ta daina bayyana a gwajin jini ba ya sa wa matarsa ta hanyar saduwa, uwa kuma tana iya haihuwar ɗa lafiyayye. Akwai kuma maganin kariya da ake ba wanda ba shi da cutar idan abokin zamansa yana da ita.

Yadda ake amfani da kwaroron roba

Idan ana amfani da shi daidai a kowace saduwa, mata 2 ne kawai cikin 100 suke yin ciki a shekara, amma yadda mutane suke yi a zahiri adadin yakan kai 13, kuma bambancin daga sakaci yake. A duba ranar lalacewa da lambar NAFDAC a jikin ledar, a matsa ta a ji akwai iska a ciki. Kada a ajiye shi a aljihun baya ko cikin mota, zafinmu yana cinye roba. A yaga ledar daga gefe da yatsu, ban da haƙori ko reza. A saka shi bayan gaba ya miƙe kuma kafin ya taɓa jikin mace ko kaɗan, a matse ɗan kan da yatsu biyu don iska ta fita maniyyi ya samu wurin zama, sannan a warware shi har tushe. Idan ya ƙi warwaruwa to an juya shi ne, a jefar a ɗauki sabo. Bayan an gama a riƙe bakinsa a janye tun gaba bai kwanta ba, a ƙulle, a jefa a masai ko a naɗe a sa a shara inda yara ba za su gani ba. Kowace saduwa da sabonta, kuma ba a haɗa biyu, domin gogayyarsu ce take fasa su. Kada a shafa masa basilin ko man kaɗanya ko man kwakwa ko man zaitun, maiƙo yana raunana roba cikin 'yan mintoci. Akwai man santsi mai ruwa da ake sayarwa don haka. Akwai kuma kwaroron mata ga wadda ta fi son ta riƙe abin a hannunta. Yana da kyau a sani cewa kariyarsa ta fi ƙarfi a kan ƙanjamau da ciwon sanyi, ta ragu a kan gyambo da ƙurajen da suke fitowa inda roba ba ta rufe ba. Ma'auratan da ɗayansu yake kan magani, ko ake jiran sakamakon gwaji, su haɗa kwaroro da hanyar tazarar da suke kai.

Sauran matakan kariya

Tsayawa a kan abokin aure shi ne tushen kariya, amma yana aiki ne idan ɓangarorin duka sun tsaya kuma an san matsayin kowa ta gwaji. Ciwon hanta nau'in B yana da allurar rigakafi. Jariri ya samu ta farko cikin awa 24 da haihuwa, babban da gwaji ya nuna ba shi da cutar kuma ya karɓi allurai 3, musamman idan mijinta ko matarsa na ɗauke da ita. Da yake wannan cuta da ƙanjamau suna bin jini, a nemi sabuwar reza wurin wanzami da mai yankan farce, kada kuma a yi kaciya ko tsaga da askar da aka yi wa wani aiki da ita ba a dafa ta ba. Tun watan Oktoba na 2023 Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin ƙwayar HPV kyauta, allura guda, ita ce ƙwayar da ke haddasa kusan dukan sankarar bakin mahaifa, kuma rigakafin ya fi amfani idan an yi shi tun kafin aure. Ina roƙon iyaye kada su hana 'ya'yansu.

Mata su guji cusa magungunan matsi da alif da garin itatuwa, da wanke can ciki da sabulu ko ruwan maganin kashe ƙwayoyin cuta. Waɗannan abubuwa suna busar da fatar wurin su tsattsaga ta, suna kashe ƙwayoyin halitta masu amfani da suke tsaronsa, sai cuta ta samu ƙofa. Tsarki da ruwa daga waje ya wadatar.

Wadda aka yi wa fyaɗe, ko wanda kwaroro ya fashe masa da mai ɗauke da ƙanjamau, a kai shi asibiti a ranar, kada a tsaya zaman sulhu ko jiran gari ya waye sau biyu. Akwai maganin da ke hana ƙwayar ƙanjamau kama jiki, amma sai an fara shi cikin awa 72, ana kuma shan sa kwana 28 ba fashi. A wannan zuwan ne za a ba mace ƙwayar gaggawa ta hana ciki, da maganin ciwon sanyi da tunjere, da rigakafin ciwon hanta idan ba ta taɓa yi ba, sannan a sa mata ranar da za ta dawo a maimaita gwaji.